Ɗaukar kare hoto a situdiyo: inda ake sa fitila da yadda ake samun tsayuwarsa

Ɗan'uwa, ka ce ka saba da hoton biki da na yara da na fasfo, sai wani ya kawo maka karnukansa biyu, baƙin Rottweiler da ƙaramin farin Lhasa mai gashi, yana son hoton da zai rataye a falo. Ka gwada, baƙin ya fito dunƙulen duhu, idanunsa na ƙyalli kore, farin kuma gashinsa ya wanke, ga shi babu wanda ya yarda ya tsaya wuri ɗaya. Kana da filash biyu, sofbos ɗaya (akwatin ƙyallen da ake sa wa filash don ya tausasa haske) da laima, kana tambaya ina za ka ajiye su, kuma ta yaya ake sa kare ya tsaya.

Abin da zan fara faɗa maka shi ne ba a gyara fitila kare yana jira. Amarya za ta tsaya maka minti goma kana matsar da sanda, kana cewa ta ɗan ɗaga haɓa. Kare zai ba ka hankalinsa na ɗan lokaci ne kawai, kuma idan ka ɓatar da wannan lokacin wajen kunce-kunce da ɗaure-ɗaure, ba zai sake ba ka ba a ranar. Saboda haka duk aikin haske ana gama shi kafin ya shigo. Ka samo jaka ko matashi mai kusan tsayinsa da launinsa, ka ajiye a inda zai zauna, ka yi gwajinka a kai har ka gamsu, ka manna tef a ƙasa don alama. Sannan a shigo da shi.

Babbar fitilarka ita ce mai sofbos, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon sauƙin aikinka. Mai santimita 90 zuwa 120 ya isa kare ɗaya ko biyu. Ka sa shi gefe, wajen digiri 45 daga inda kake, sannan ka sauke sandar ƙasa sosai. A nan yawancin masu hoton mutane suke yin kuskure, domin hannunsu ya saba da tsayin mutum. Idan fitila ta yi sama da yawa, goshin kare da gashin girarsa sai su rufe idanu da inuwa, ɗigon hasken nan da ke raya ido ya ɓace. Tsakiyar sofbos ɗin ya ɗan ɗara kan karen kaɗan, shi ke nan. Kada kuma ka kai ta gefe can, domin doguwar fuskarsa za ta jefa inuwa a kan idon da ke nesa da fitilar.

Nisan fitila ma yana da magana. Haske yana raguwa da sauri idan fitila tana kusa. Idan tana mita ɗaya daga kare, ya ja baya santimita 40 kacal, rabin hasken ya tafi. Idan tana mita biyu ya yi irin wannan motsin, abin da ka rasa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Da yake kare ba zai zauna daram a kan alamarka ba, gara ka ja fitilar baya zuwa mita ɗaya da rabi ko biyu, ka sami fili mai faɗi wanda duk inda ya matsa a cikinsa hasken na nan kusan daidai. Za ka ɗan rasa laushin haske, amma za ka tsira da hotuna da yawa da za su lalace.

Baƙin kare shi ya fi ba mutane wahala, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Baƙin gashi ba ya fitowa don an ƙara masa ƙarfin fitila daga gaba. Yana fitowa ne ta sheƙi, wato inda haske ya gogi gashin ya dawo cikin kyamara. Ka san baƙar shadda: idan ka haska ta kai tsaye sai ta zama baƙin ƙyalle kawai, sai haske ya zo ta gefe zanenta ke bayyana. To haka jikin Rottweiler yake. Faffaɗan sofbos daga gefe yana shimfiɗa sheƙi a kan goshi da kafaɗa da ƙirji, a ga tsoka da kwanciyar gashi. Filash na biyun kuma ka kai shi baya, ɗaya gefen, ya ɗan yi sama, yana kallon bayan kan karen da kafaɗarsa. Shi zai zana siririn layin haske a gefen kunne da wuya, ya raba shi da bango. Ka kula kada haskensa ya faɗo cikin lens ɗinka. Ka tare shi da baƙin kwali idan ba ka da ragar da ake sa wa fitila. A ɗaya gefen babbar fitilar, farin allo ko farin kwali babba ya isa ya mayar da haske cikin inuwa, ba sai ka sayi fitila ta uku ba.

Kada ka bar kyamara ta zaɓa maka haske da kanta. Ma'aunin da ke cikinta an gina shi ne ya mayar da komai toka-toka, shi ya sa take dusashe baƙin kare, farin kuma ta dakushe shi. Ka koma saitin hannu. Ga baƙi, ka ƙara rabin mataki zuwa mataki ɗaya (mataki ɗaya ninka haske ne) a kan abin da za ka ba fuskar mutum, kana duba gashin ƙirji a bayan kyamara ka ga ko sili-silinsa sun fito. Ga farin Lhasa kuwa, ka kunna alamar nan da ke walƙiya inda haske ya ƙone, ka rage har ta daina walƙiya a kan kai da baya. Farin gashi ma hasken gefe yake so, domin 'yan ƙananan inuwoyi tsakanin gashin su ne ke nuna cewa gashi ne. Idan za ka haɗa su biyun a hoto ɗaya, baƙin ya zauna kusa da fitila, farin nesa da ita. Wannan raguwar hasken da na yi maka bayani sai ta koma tana yi maka aiki.

Bango kuwa, toka mai matsakaicin duhu ya fi komai sauƙi, yana karɓar baƙi yana karɓar fari, kuma idan ka nisantar da kare daga shi mita ɗaya da rabi zuwa biyu zai yi duhu da kansa ba tare da inuwa ta hau shi ba. Labulen nan mai hoton bene da furanni da ake sa wa masu biki, ka naɗe shi a ranar. Baƙi a kan baƙin bango yana da kyau matuƙa idan layin hasken baya ya zauna daidai, amma ka bari sai hannunka ya faɗa.

Koren ido da ka gani ba laifin kyamararka ba ne. A can bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke taimaka masa gani da dare, shi ne ka ga idonsa na ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi. Idan filash yana kan kyamara, haske ya shiga idon ya dawo ta hanyar da ya bi, kai tsaye cikin lens. Da zarar ka cire filash daga kan kyamara ka kai shi gefe, matsalar ta kau. Ka kuma bar fitilar ɗaki ko fitilar gwajin filash a kunne, don ƙwayar idon ta tsuke, launin idon ya fito, kyamara ma ta sami abin kamawa.

Ga lambobin da zan ce ka fara da su: shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, 1/160 ko 1/200 na daƙiƙa, domin yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250 da filash na yau da kullum, ƙofar haske f/8, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100 zuwa 400. Na san ana son f/1.8 a hoton amare don baya ya narke, amma fuskar kare doguwa ce. Tsakanin hancin Alseshan da idonsa akwai tazara mai yawa, idan ka buɗe lens sosai sai ido ya fito hanci ya narke, ko kuma kyamara ta kama hanci ido ya tafi, wanda ya fi muni. A hoton kai kaɗai daga kusa ma f/11 ba ta yi yawa ba. Saiti kullum a kan idon da ya fi kusa da kai. Sony ta saka gano idon dabba a a7 III da a7R III a 2019, Nikon ta bi da Z6 da Z7 a 2020, Canon ma ta fito da shi a R5 da R6 a shekarar. Idan kyamararka na da shi ka kunna, amma a kan Lhasa da gashi ya rufe wa ido, ko baƙin kare mai baƙin ido, yakan ruɗe, sai ka koma ɗigon saiti ɗaya ka ɗora shi a kan idon da hannunka. Lens kuma mai milimita 85 ko 70 zuwa 200 ya fi. Mai faɗi kamar 24 daga kusa yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da jiki. Wasu na son hakan don nishaɗi, amma mai son hoton falo yawanci kamannin karensa na gaskiya yake nema.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: a situdiyo ba shata ke tsayar da motsi ba, gajartar walƙiyar filash ce. Ƙananan filash na kan kyamara da masu batir irin Godox AD200, idan ka rage ƙarfinsu zuwa 1/4 ko 1/8, walƙiyarsu na ƙara gajarta, su kuma sake cika da wuri. Saboda haka gara ka ɗaga ISO zuwa 400 ka rage ƙarfin fitila, ka sami kunne da wutsiya tsaf ba gizo, ƙarar fitilar ma ta ragu. Wasu tsofaffin fitilun situdiyo masu jona wuta akasin haka suke, rage musu ƙarfi na tsawaita walƙiyar, don haka ka gwada naka ka gani. Masu batir suna da wata fa'ida: babu waya a ƙasa da kare zai ja, kuma ko an ɗauke wuta ba sai ka tayar da janareta a kusa da kunnensa ba.

Kunnen nan abin kula ne. Mutum yana ji har wajen hertz 20,000, kare kuwa yana wuce 40,000. Ƙarar “ƙit” da filash ke yi idan ya cika, da ta kyamara idan ta kama saiti, duk ka kashe su. Idan karen ya shigo, kada ka ɗauki kyamara tukuna. A bar shi ya zagaya ɗakin ya shinshina sanduna da bango da takalminka, minti goma ko fiye. Sannan ka juya filash ya kalli bango, a mafi ƙarancin ƙarfi, ka harba sau ɗaya, mai shi ya ba shi ɗan abin ci nan take. A maimaita har ya daina waiwaye. Yawancinsu suna sabawa da wuri. Wanda bai saba ba, yana zabura yana neman ƙofa, kada a tilasta masa. Ka koma fitilar LED mai ci gaba da haske ko ka matsa bakin taga, ka kai shata 1/500, ka ɗaga ISO yadda ya kamata. Ka kuma tambayi mai shi tun farko ko karen yana farfaɗiya, in yana yi a ajiye filash gaba ɗaya.

Zafi ma yana ɓata hoto kafin ya cutar da kare. Shi ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake sanyaya kansa, shi ya sa ɗaki in ya ɗumama harshe zai zubo waje ya ƙi komawa. Ka sanyaya ɗakin kafin su iso, ka ajiye ruwa, ka ba da lokacin safe musamman a watannin bazara, ka kuma nisanci tsofaffin fitilu masu zafi. Masu guntun hanci irin Pug da Bulldog sun fi kowa saurin galabaita, su kam a riƙa hutawa akai-akai.

Yanzu tsayuwa. Ka sauka ƙasa. Lens ɗinka ya yi daidai da idonsa, ko da za ka kwanta rub da ciki ne. Hoton da aka ɗauka daga tsaye kowa na da irinsa a waya, kuma yana ƙasƙantar da kare, ya ba shi ƙaton kai da guntayen ƙafafu. Daga ƙasa ne ƙirjin Rottweiler ke cika, a ga kwarjininsa. Ƙaramin kuma a ɗora shi a kan ƙaƙƙarfan benci ko akwati mai faɗi, mutum na tsaye dab da shi don kada ya diro. Ɗorawar tana da wani amfani, domin kare a kan abu yakan daɗe bai motsa ba. Duk inda zai taka kada ya zama mai santsi. Tayil da takardar bango suna zame masa, kuma karen da ƙafarsa ke zamewa ba zai saki jiki ba, za ka ga ya baje ƙafafu ya sunkuyar da kai. Shimfiɗar roba ko kafet mai launin bango tana magance wannan. Sandunan fitila kuma a danne ƙafafunsu da buhun yashi.

Zama shi ne mafi sauƙi. Jikin ya ɗan karkata wajen fitila, kai ya juyo gare ka, ƙafafun gaba a miƙe kusa da juna. Karkatawar nan, ban da kyau, tana sa ƙafar gaba ta rufe al'aurar namiji, abin da mai hoton zai gode maka idan ya rataye shi inda baƙi ke zama. Kwanciya a kan ciki da ƙafafun gaba a miƙe, kai a ɗage, ta dace da manya. Tsohon kare kuwa, idan ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa ya ɗago ido, ka ɗauka, kada ka ce sai ya tashi. Masu kyan ƙira, irin Boerboel ko dogon karen nan siriri na Azawak da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali, tsayuwa ta gefe ce ke nuna su, da haske yana gogar haƙarƙari da cinya. Alseshan yana da tasa tsayuwar da masu kiwonsa suka sani, ƙafar baya ɗaya a ja ta baya, ɗayar a ƙarƙashin jiki, idan mai shi ya iya sai ka bar shi ya jera shi.

Amma duk wannan jiki ne. Hoton kansa yana cikin kunne da ido, kuma da sauti ake samunsu. Ka riƙe ƙaramin abin wasa mai ƙara a hannun da ke ƙarƙashin lens, ko ka yi fito, ko ka motsa leda. Da jin sabon sauti zai rufe baki, kunnuwa su miƙe, wani lokaci ya karkata kai gefe. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, don haka yatsanka na kan maɓalli, saiti ya riga ya kama, kafin ka yi ƙarar. Kowane sauti sau biyu ko uku yake aiki ya gane babu komai a ciki, sai ka tanadi kala-kala, ka fara da mafi laushi. Elliott Erwitt, wanda ya yi suna da hotunan karnuka a titi, haushi yake yi musu da bakinsa don su ɗaga kunne. Kada a kira sunansa, domin kiran suna a wurinsa “zo” ne, zai taso ya bar alamarka. Kuma mutum ɗaya ne ke jan hankalinsa, yana tsaye a bayanka daidai saitin kyamara. Idan mai gida na kira, yara na tafi, yaronka na fito, karen zai rasa inda zai kalla ya gaji a banza.

Abin ci kuma dafaffiyar hanta ko kaza ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana kada su wuce ƙwayar gyaɗa. Kada ka ba shi kilishi ko tsire, domin akwai albasa da tafarnuwa a haɗinsu, kuma duka biyun suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan da inabi da zabibi su ma guba ne a gare shi. A zo da shi bai ƙoshi ba, an kuma ɗan zagaya da shi ya yi bayan gida ya rage zumuɗi. Rottweiler da Boerboel suna dalalar da yawu da ganin nama, su gara ƙwallo ko sauti, da tawul a hannun mai riƙo.

Mai riƙon nan ka zaɓe shi da kyau. Ka tambaya wa ke ba karen abinci kullum. A gidaje da yawa ba mai gidan ba ne, maigadi ne ko wani yaro, kuma maganarsa kaɗai karen ke ji. A zo da shi. Ka tuna kuma yawancin manyan karnukan da za a kawo maka na gadi ne, ba su saba da baƙo ya durƙusa gabansu yana nuna musu ƙaton gilashi ba, kuma ƙura ido a wurinsu tsokana ce. Ka tsaya nesa da dogon lens, ka ba shi gefen jikinka, kada ka miƙa hannu ta saman kansa. Igiya ba a cire ta. A sa siririya, mai riƙo ya ɗaga ta sama ta bayan kai ba tare da ja ba, ka ɗauki bangon shi kaɗai sau ɗaya, daga baya ka goge ta a Photoshop cikin minti kaɗan.

Ka koyi karanta shi. Hamma ba barci ba, yawan lasar leɓe, kunne a kwance baya, wutsiya tsakanin ƙafafu, kawar da kai har farin ido ya bayyana, duk yana cewa ya ishe shi. A tsaya, a fita da shi ya sha iska. Idan jikinsa ya sandare ya kafe ka da ido, baki a rufe, a janye shi nan take, wannan daf da cizo ne. Idan wani ya nuna maka hotunan William Wegman, Ba'amurken da ya yi ta ɗaukar karnukansa nau'in Weimaraner tun shekarun 1970 suna tsaye cak cikin tufafi, ka gaya masa nasa ne, tare suke kwana suke tashi, aikin shekaru ne. Karen da ya fara ganinka yau ba za a nemi haka a wurinsa ba, kuma ni ba na goyon bayan cusa wa kare tabarau da hula yana ƙoƙarin cirewa.

Kafin ka ba da rana, ka nemi ganin katin rigakafinsa, musamman na ciwon hauka. Allurar tana samuwa wurin likitocin dabbobi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana yin ta. Wanda ba shi da kati kada ya shigo maka. Idan tsautsayi ya sa an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. 'Yan kwikwiyo kuma sai sun gama allurarsu, wajen mako 16, domin ƙwayar cutar parvo tana daɗewa watanni a ƙasa, ɗaya ya bari wani ya ɗauka. Bayan kowane aiki a goge ƙasa da ruwan bilic. Ka ware wa karnuka shimfiɗarsu da bencinsu da tawul ɗinsu daban, ka kuma ba su rana ko lokacin da babu masu biki, domin da yawa cikin abokan cinikinka ba za su so zama inda kare ya lasa ba, kuma hakkinsu ne.

Wajen gyara, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka iya ɗago inuwar baƙin ka dawo da farin. Ka share kwantsa da yawu da gashin da ya zuba a ƙasa. Amma man nan da ake shafa wa fuskar amarya a kwamfuta har ta yi sumul, kada ya taɓa kare, gashin shi ne hoton. Tabo ko farin gashin tsufa a baki, ka tambayi mai shi kafin ka goge, sau da yawa shi yake so ya gani.

Ga karnukan nan biyu, ka fara da Rottweiler shi kaɗai tun ɗakin na da sanyi harshensa bai fito ba, sannan Lhasa a kan benci, an taje shi an ɗan gyara gashin da ke rufe ido. Na haɗin ya zo ƙarshe. Ka kafa kyamara a kan ƙafarta kada ta motsa, kowane kare da mai riƙonsa, ka yi ta ɗauka. Da wuya su kalle ka lokaci guda, amma tunda kyamara da fitila ba su motsa ba, za ka ɗauko kan wannan daga hoto ɗaya, na wancan daga wani, ka haɗa ba tare da an ga ɗinki ba.